Dasa BACnet a kan allon STM32: me ya sa na'urata take bayyana tana ɓacewa a layi?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina haɗa wata 'yar na'ura a kan allon STM32F103 da za ta riƙa auna sanyin ɗakin ajiyar magani da ma'aunin DS18B20, da yawan dizal ɗin da ke tankin janareta, ta aika wa kwamfutar da ke lura da ginin ta BACnet MS/TP, wato ƙa'idar da na'urorin gini ke musayar saƙo da ita a kan waya. Na ɗauko manhajar bacnet-stack na gwada a Linux, komai lafiya. Da na mayar da ita kan allo sai na'urar ta riƙa bayyana na ɗan lokaci tana ɓacewa. Cip ɗin ne ya yi ƙanƙanta? Ko sai na sa FreeRTOS, ƙaramin tsarin da ke raba wa ayyuka lokacin cip? Ko in koma BACnet/IP?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Cip ɗinka bai yi ƙanƙanta ba. STM32F103C8 yana da filash KB 64 da RAM KB 20, yana gudu a MHz 72, kuma wannan manhajar da Steve Karg ya fara rubutawa da yaren C an dasa ta a kan cip-cip na ATmega masu bit 8 waɗanda ba su kai rabin ƙarfin naka ba. Matsalarka ta lokaci ce. Na'urarka tana makara wajen amsawa, kuma MS/TP ba ya jiran wanda ya makara.

A layin MS/TP kowa a kan wayoyin RS-485 guda biyu yake magana, don haka ba a magana sai da izini. Izinin nan ɗan ƙunshi ne na bayit 8 da ake miƙawa daga na'ura zuwa na'ura bisa jerin adireshi, bari mu kira shi sanda. Wadda sanda take hannunta ita ke magana, in ta gama ta miƙa wa ta gaba. Ƙa'idar BACnet, wato ASHRAE 135 ta ƙungiyar injiniyoyi ASHRAE, wadda aka fara bugawa a 1995, ta ce idan aka miƙo maka sanda dole ka fara amfani da ita ko ka miƙa ta gaba cikin milisakan 15. Wadda ta miƙo maka za ta saurara na abin da bai gaza milisakan 20 ba. In ta ji shiru ta sake miƙowa sau ɗaya. In ta sake jin shiru sai ta ɗauka ka mutu, ta nemi wani magaji, a ci gaba da zagaye babu kai. Ba za ka dawo ba sai ta zo binciken adireshin da babu kowa a kansu, wanda take farawa bayan sanda ta zaga sau 50, kuma adireshi ɗaya take tambaya a kowane zagaye. Bayyana da ɓacewar da kake gani ke nan: ana cire ka, ana mayar da kai, ana sake cire ka.

To me ke sa ka makara? Da na ga DS18B20 a tambayarka na san inda zan fara zargi. Wannan ma'aunin yana ɗaukar har milisakan 750 kafin ya gama awo ɗaya a cikakken daidaitonsa na bit 12, kuma yawancin misalan kod da ake kwafowa suna ba shi umarni ne su tsaya cik suna jira da HAL_Delay. A cikin wannan jiran an miƙo maka sanda an janye tun tuni. Gyaransa shi ne ka raba awon gida biyu: ka ba da umarnin farawa, ka rubuta lokacin, ka koma aikin layi, bayan daƙiƙa ɗaya ka dawo ka karanta. Akwai kuma wani abu a ƙarƙashin wannan. Masu rubuta kod ɗin 1-Wire, hanyar da ake magana da DS18B20, da hannu sukan kashe intarap, wato kiran gaggawar da ke katse wa cip aikinsa, don lokacinsu ya fita daidai. Bugun farko na 1-Wire maikurosakan 480 ne, alhali a gudun bit 38400 a daƙiƙa bayit ɗaya yana shigowa duk maikurosakan 260, kuma UART ɗin F103, wato sashen cip da ke turawa da karɓar bayit a layi, bayit ɗaya tak yake iya riƙewa. In ka kashe intarap tsawon wannan bugun, bayit ya zube, lissafin CRC, wanda ke tantance ko ƙunshi ya iso lafiya, ya ƙi, ƙunshin ya tafi a banza. Ka kashe shi a gajerun ramukan bit kawai, ko ka karɓi bayanan layi ta DMA, sashen da ke kwashe su zuwa RAM ba sai cip ya bar aikinsa ba.

Na biyu a jerin zargina shi ne printf, umarnin da ke fitar da rubutu daga cip. Layi ɗaya mai harafi 60 a gudun 115200 yana cin fiye da milisakan 5 in cip yana tsayawa sai ya gama turawa, a 9600 kuwa ya haura 60. Na sha ganin mutum ya cika manhaja da saƙonnin bin diddigi don ya gano matsala, ashe saƙonnin su ne matsalar. In kana son sanin abin da ke faruwa a ciki, ɗaga wata ƙafar cip ka sauke ta, ka duba a osiloskop, na'urar da ke nuna hawa da saukar wuta a kan waya.

Yanzu ga dashen kansa. Abin da nake so ka riƙe shi ne kada ka taɓa cikin manhajar. Ɓangaren da ke ɗaure saƙo da kwance shi, da wanda ke tafiyar da zagayen sanda a mstp.c, mutane da yawa sun gwada su shekara da shekaru a gine-gine na gaske. Akwai ma dalilin lasisi: ainihin fayilolin suna ƙarƙashin GPL mai togaciya, ma'ana naka kod ɗin naka ne, amma gyaran da ka yi a nasu fayilolin wajibi ne ka fitar da shi in ka raba na'urar. Karanta abin da ke saman kowane fayil. Aikinka na gaskiya ƙanana ne guda uku: direban RS-485, agogon milisakan, da wurin adana saiti. Shiga babban fayil ɗin ports ka ɗauki misalin stm32f10x ya zama tushenka. Kada ka ɗauko na Linux kana yanke shi, domin an gina shi ne a kan abubuwan da allonka ba shi da su.

Agogon shi ne mafi sauƙi, SysTick mai bugawa duk milisakan ɗaya ya wadatar. Sai dai akwai ma'aunin shiru, wanda ke ƙirga tsawon lokacin da layi ya yi babu motsi, kuma duk hukuncin da MS/TP ke yankewa a kansa yake dogara. Dole a mayar da shi sifili duk lokacin da bayit ya shigo, da kuma duk lokacin da kai ka tura bayit. Mutane suna tuna na farkon su manta na biyun, sai na'ura ta gama magana ta ɗauka an daɗe da yin shiru, ta yanke cewa ba a amsa mata ba tun kafin a sami damar amsawa.

Direban RS-485 nan ne zan so ka zauna sosai. Cip ɗin layi, irin su MAX485, yana da ƙafar DE da ke buɗe masa baki. Kana ɗaga ta kafin ka tura, kana sauke ta da ka gama. Tambayar ita ce yaushe ka gama. UART ɗin STM32 yana da tutoci biyu masu kama da juna. TXE tana tashi ne da zarar bayit ya bar ma'ajiya ya shiga hanyar fita, lokacin ko bit ɗaya bai gama fita ba. TC ita ce ke tashi bayan bit na ƙarshe ya bar ƙafar cip. Wanda ya sauke DE a kan TXE ya datse bayit na ƙarshe, kuma bayit na ƙarshe a ƙunshin sanda shi ne CRC. Wasu da suka ga haka sai su cusa ɗan jinkiri na ƙirge, ya yi aiki a 38400, ranar da aka sauya gudu ko aka sauya saitin harhaɗa kod ya watse. Yi amfani da intarap ɗin TC ka sauke DE a cikinsa. Ƙa'ida ta ba ka tsawon bit 15 kawai bayan bit na ƙarshe ka saki layi, wanda a 38400 bai kai rabin milisakan ba, don haka ba aikin da za ka bar wa babban zagayen manhaja ba ne. Sababbin 'yan gidan STM32, irin su G0 da L4, UART ɗinsu na iya sarrafa DE da kansa, amma F103 ba ya yi.

Ta ɗaya ɓangaren kuma kada ka yi gaggawa. Bayan bayit na ƙarshe da ka karɓa, sai ka jira tsawon bit 40 kafin ka buɗe bakinka, don wanda ya gama magana ya sami sakin layi. A 9600 wannan ya ɗan haura milisakan 4, a 38400 ya ɗan haura 1. Da agogo mai bugun milisakan ɗaya, jira bugu uku a 38400, don bugun farko zai iya zuwa nan take. Ka kuma haɗa ƙafar RE, mai buɗe masa kunne, da DE, ko ka zubar da abin da ka ji lokacin da kake turawa, kada na'urarka ta riƙa karɓar maganar kanta.

Wani abu da ya shafe mu a nan musamman: gudun UART ya fito daga kiristal na waje, kada ya fito daga agogon cikin cip. Na cikin ana daidaita shi ne a zafin digiri 25, kuma yana kaucewa in zafi ya sauya. Akwatin ƙarfe a ɗakin janareta a Kano ko Sakkwato cikin watan Afrilu ya yi nisa da digiri 25. Na'ura za ta yi lafiya a ofis mai sanyi, a kai ta wurin aiki ta fara zubar da ƙunshi da tsakar rana. In allonka Blue Pill ne mai araha, ka duba cip ɗin da kyau, da yawansu kwaikwayo ne ba na asali ba. Don gwaji babu laifi, amma ban yarda a bar wa irinsa tsaron maganin mutane ba.

Ga yadda nake bi in ina sabon dashe, kuma ban taɓa nadamar jinkirin da ke cikinsa ba. Ranar farko na'urar ba ta cewa komai. Ina haɗa ta a layi mai na'urori biyu ko uku da aka san suna aiki, ta saurara kawai, tana ƙirga ƙunshi masu kyau da masu lalataccen CRC. Sai na ga awanni sun wuce lalatattun ba su ƙaru ba nake ba ta damar amsa kiran neman magaji da miƙa sanda, babu wani aiki bayan wannan. Haka za ta kwana. A gefe guda ina da kwamfuta da adaftar USB zuwa RS-485 tana ɗaukar duk abin da ya wuce da mstpcap, ɗan shirin da ke zuwa tare da manhajar, da safe in buɗe a Wireshark, shirin duba saƙonnin da aka ɗauka. In adaftarka mai cip ɗin FTDI ce, ka rage jinkirinta daga milisakan 16 da take zuwa da shi zuwa 1, in ba haka ba lokutan da za ka gani ba na gaskiya ba ne. Bayan sanda ta zauna ne nake kunna saƙonnin Who-Is da I-Am da ReadProperty, na neman na'ura da amsawarta da karanta adadinta, in ga na'urar ta fito a YABE, shirin kwamfuta mai nuna na'urorin BACnet, sannan in ƙara ma'aunai ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda na ƙara sai na sake duba sanda. Da haka, ranar da ta fara faɗuwa na san abin da na taɓa.

Maganar RAM ba ta da tsawo. Abin da ya fi cin ta shi ne MAX_APDU, girman saƙo mafi tsawo da za ka karɓa. A MS/TP na gargajiya iyakarsa bayit 480 ne, mafi ƙanƙanta da aka yarda da shi 50. Da KB 20 kana da wurin 480, kuma shi nake ba ka shawara. In ka rage zuwa 128, jerin abubuwan na'urarka, wato Object_List, in ya haura 20 da 'yan kai ba zai shiga saƙo ɗaya ba, tunda kowane yana cin bayit 5. Na'urar da ba ta iya yanka saƙo gunduwa-gunduwa sai ta ce ba za ta iya ba, kwamfutar ginin ta koma tambaya ɗaya-ɗaya, don haka ka tabbata karanta jerin ta lamba yana aiki, har da lamba 0 da ke bayar da adadinsu. Cire duk nau'in abin da ba ka buƙata daga teburin da ke device.c. Kai abin da kake buƙata Device ɗaya ne, mai wakiltar na'urar kanta, da Analog Input biyu na ma'aunanka, wataƙila da Binary Input na ƙofar ɗakin sanyi. In ma'auni ya tsinke kada ka bar tsohon adadi yana nunawa kamar komai lafiya, ka nuna lalacewar a Reliability da Status_Flags, guraben da ke faɗin lafiyar ma'auni. A ɗakin magani wannan ya fi kowane abu muhimmanci a wurina.

Lambobi uku ne ake yawan rikitawa. Adireshin MS/TP na masu riƙe sanda daga 0 zuwa 127 ne, kuma a kan wayar da kake kawai ake buƙatar ya bambanta. Lambar na'ura kuwa daga 0 zuwa 4194302 ce, dole ta bambanta a duk faɗin ginin, har da na'urorin da ke wasu layukan. Ta uku ita ce lambar mai ƙera kaya. Manhajar tana zuwa da 260, wadda ta aikin bacnet-stack ce. In za ka saka na'urar a ginin mutane ka nemi taka daga ASHRAE, kyauta suke bayarwa. Biyun farko su zama abin da mai girkawa zai iya sauyawa ba sai an sake loda manhaja ba. Ka kuma bar Max_Master, wato adireshi mafi girma da na'ura ke kaiwa wajen neman magaji, a 127 daga wurinka, amma a iya rubuta shi. In mai girkawa ya jera adireshi daga ƙasa babu giɓi ya rage shi, layi zai yi sauri, amma na'urar da ta zo da ƙaramin Max_Master daga masana'anta za ta iya rufe wa na sama da ita ƙofa.

Adana saiti shi ne inda ni kaina na sha wuya. Wata na'ura da na yi wa wani otal tana karɓar adadin sanyin da ake so daga kwamfutar ginin, ni kuma na sa duk abin da aka rubuto a adana shi a filash nan take saboda ɗaukewar wuta. Ban san kwamfutar tana maimaita rubuta adadi ɗaya duk bayan 'yan daƙiƙu ba. Goge shafi ɗaya na filash a F103 yana ɗaukar milisakan 20 zuwa 40, kuma cip yana tsayawa tsawon wannan lokacin domin daga filash ɗin yake karanta umarninsa, har intarap ma sai ya jira. Sanda ta riƙa faɗuwa, layin bene guda ya yi nauyi, kuma filash da aka lamunce wa gogewa 10,000 na ƙarewa a banza. Sati biyu na yi ina zargin waya. Abin da ya warware shi: kada a adana sai adadin ya sauya da gaske, a jira 'yan daƙiƙu a tara sauye-sauye, kuma a mayar da ajiyar kan cip ɗin ajiya na waje, EEPROM ko FRAM. Ka ajiye kwafi biyu kowanne da CRC ɗinsa, saboda a wurinmu wuta na iya ɗaukewa ana tsakiyar rubutu. Ka kunna mai gadin ƙarfin wuta da agogon da ke sake tayar da cip in ya maƙale, domin lokacin sauyawa daga wutar NEPA zuwa janareta wutar kan yi ƙasa ba tare da ta ɗauke gaba ɗaya ba, a nan ne cip ke rikicewa. Kuma in wuta ta dawo kada ka tsorata da shirun farko: kowace na'ura tana jiran milisakan 500 da ƙarin 10 sau lambar adireshinta kafin ta ƙirƙiri sabuwar sanda.

Waya ma tana da nata haƙƙin, ko da yake ban zaci ita ce matsalarka ta yanzu ba. A ja ta daga na'ura zuwa na'ura a jere, babu rassa. Rasista mai om 120 a kowane ƙarshe, biyu kacal a duk layin, tsawonsa kada ya wuce mita 1200. Kamfanoni ba su daidaita a kan wace ce A wace ce B ba, don haka ka bi alamar tarawa da ɗebewa, ka tabbatar ta hanyar aunawa da mitar wuta. Tunda na'urarka za ta zauna kusa da janareta, sa cip ɗin layi mai raba wutar allo da ta waya, irin ADM2587E. Ya fi MAX485 tsada nesa ba kusa ba, amma damina ɗaya mai tsawa za ta nuna maka amfaninsa.

FreeRTOS ba zai gyara maka komai ba in jiran nan yana nan, kuma in ka cire jiran ba ka buƙatarsa. Zagaye ɗaya da ke kiran aikin MS/TP a kai a kai, wanda babu abin da ke tsayar da shi fiye da milisakan ɗaya ko biyu, ya ishi na'ura irin taka. In daga baya aiki ya yi yawa ka sa shi, to aikin layi ya fi kowane fifiko, kuma aiki ɗaya ne kawai zai riƙa taɓa abubuwan BACnet, sauran su miƙa masa adadi. BACnet/IP kuwa ya fi sauƙi ta fuskar lokaci, babu sanda, saƙonnin UDP ne a tashar 47808. Amma F103C8 ba shi da Ethernet, sai ka ƙara cip ɗin Ethernet irin W5500 ko ka koma irin su F407 da manhajar IP ta lwIP, sannan ka shiga maganar adireshin IP da BBMD, mai tsallakar da sanarwar BACnet daga wani sashen hanyar sadarwa zuwa wani, da masu kula da intanet ɗin ginin. In layin MS/TP ya riga ya iso ɗakin janareta, zauna a kansa.

Abin da za ka yi a daren nan: cire karanta DS18B20 da duk wani printf, sa adadin ƙarya a Analog Input ɗin, ka bar mstpcap yana ɗauka na awa ɗaya. A Wireshark ka nemi wurin da aka miƙa wa adireshinka sanda sau biyu a jere sannan Poll For Master, wato kiran neman magaji, ya biyo baya. In babu shi, mai laifin yana cikin abin da ka cire, sai ka mayar da su ɗaya-ɗaya. In yana nan har yanzu, ɗora osiloskop a kan ƙafar DE da ƙafar TX tare, ka ga ko DE tana sauka kafin bit na ƙarshe ya fita. Turo min hoton da fayil ɗin da ka ɗauka, mu duba tare.